Mai sa wa dawakina takalmi a Kaduna: hannu kam akwai, alƙawari ne sai a hankali

Abokan kilisa sun dame ni da tambayar wai wa ke min gyaran kofato, tunda suka ga dokin nan nawa sari ɗan Sudan ya daina ɗingishin da ya yi ta fama da shi bara. To bari in zube komai a faifai, mai daɗi da mara daɗi, kowa ya yi wa kanshi hisabi kafin ya kira shi. Dattijo ne, maƙeri ne gaba da baya, amma shi tun yana saurayi ya karkata wajen dawaki, a bargogin 'yan polo ya goge, kuma duk wanda ya san Kaduna ya san nan ne makarantar wannan sana'a, don kulob ɗin ƙwallon dawaki na garin nan tun 1918 yake, kofin Georgian kuwa tun 1919 ake buga shi, dokin da zai juya a guje ya taka burki a guje ba a yi mishi wasa da ƙafa. Mu dai Baba muke ce mishi. A mashin yake zuwa, ɗanshi a baya riƙe da buhun kayan aiki, guduma, awartaki, magagari babba, wuƙa mai lanƙwasasshen baki, ƙusoshi a gwangwani, sai wani guntun ƙarfen layin dogo da ya mayar uwar maƙera, wanda wallahi ban san yadda mashin ɗin ke jure nauyinshi ba.

Abin da ya sa na riƙe shi ba wani abu ba ne, zuwanshi na farko ya ƙi karɓar rabin kuɗin da na shirya ba shi. Dawaki biyu gare ni, sarin da kuma wani akawal (baƙin doki) ɗan gida, na ce a buga musu takalmi ƙafa huɗu huɗu. Bai ko buɗe buhu ba, ya ce a kwance su a ja su a gabanshi, a tafi a dawo a kan siminti, ya tsuguna yana kallo daga gaba, ya koma baya ya kalla, ya sa yaron doki ya ɗan sassarfa da su. Sannan ya fara tambaya kamar likita, ina ake hawa da su, kwalta ko ƙasa, me suke ci, dawa nawa, dusa nawa, a ina suke kwana. Da ya ɗaga ƙafar akawal ya ƙwanƙwasa da gindin wuƙa sai ya ce, "Alhaji wannan kar ka ɓata kuɗinka, Allah ya riga ya sa mishi nashi takalmin, gyara kawai yake so." Sarin kuma ya ce gaba biyu za a sa, baya a bari tukuna a gani. Dalilinshi shi ne ƙafafun gaba su ke ɗauke da mafi yawan nauyin doki, wajen kashi 60 cikin 100, saboda kai da wuya, shi ya sa su ke fara cinyewa kuma yawancin ɗingishi daga nan yake tasowa.

Kuma in ka duba gaskiya ce ai. Kakanninmu sun yi yaƙi sun yi fatauci a kan dawaki ba takalmi, ƙasa ce da yashi, abin da ƙasa ta ci kofato ya mayar. Kwalta ce ta zo ta canza lissafi. Yanzu ka fito daga Unguwar Rimi ko Malali za ka Dandalin Murtala, ko an gayyace ka hawan angwanci a zaga Tudun Wada da Unguwar Sarki, duk kwalta ce da intalok, kofaton da ba shi da ƙarfi sai ya cinye fiye da yadda yake tsirowa. Takalmi maganin wannan ne kawai, ba ado ba ne, duk da na san akwai samarin da ƙarar ƙwas ƙwas ɗin nan a titi ce ke burge su.

Yanzu aikin kanshi. Zai juya wa doki baya ya saƙale ƙafar tsakanin gwiwoyinshi, in akwai tsohon takalmi ba fizgewa yake ba, sai ya fara miƙe kawunan ƙusoshin da aka lanƙwasa a waje ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa awartaki daga dunduniya yana ɗagawa kaɗan kaɗan, dama hagu, har ya zo gaba. Wanda nake kira a da (ba sai na faɗi ko wane ne ba) fincikewa yake da ƙarfin tsiya, takalmin ya fito da ɓallin kofato manne a jiki. Bayan nan sai ya ƙwaƙule datti, ya sa wuƙa ya kankare mataccen tafin kofato, wanda ke zuba fari fari kamar gari, da ya kai inda ya fara sheƙi ya tsaya. Tsokar nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafin kuwa gefe gefenta kawai yake gyarawa, ya ce ita ce ke shanye dukan ƙasa kuma tana taimaka wa jini zagayawa in doki ya taka, mai sassaƙe ta don ta yi kyan gani mugunta yake yi bai sani ba. Sai ya datse bangon kofaton da ya yi tsawo, ya bi da magagari, yana yi yana ɗaga ƙafar yana hango ta da ido ɗaya daga dunduniya ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ya ajiye ƙafar ya ja baya ya duba daga gefe, abin da yake nema shi ne gangaren goshin kofato ya tafi layi ɗaya da gangaren ƙashin da ke samanshi. Sarina da goshin ya yi tsawo dunduniya ta kwanta, shi ne jijiyar baya ke shan wahala, shi ne kuma yawan tuntuɓen da nake ɗora wa ramukan titi laifi.

Inda ya bar sauran a baya shi ne nan: takalmi yake gyarawa ya dace da kofato, ba kofato yake yankewa ya dace da takalmi ba. Wannan maganar ita ce duk sirrin. Masu arha da yawa takalmin da ke buhunsu shi za su manna, in kofato ya fi shi faɗi sai a bi da magagari a goge abin da ya leƙo, ka ga aiki tsaf a ido, alhali an rage wa bangon kauri, bayan sati biyu ya fara tsagewa ta wajen ƙusoshi. Shi Baba in ya ga takalmin bai zauna ba gawayi zai sa a hura, ɗanshi na juya ɗan fanka na hannu, ƙarfe ya yi ja ya ɗora a kan guntun layin dogon nan ya buɗe shi ko ya matse, na gaba ya fi zagaye na baya ya fi tsini, haka kofatan suke dama. Sai ya ɗauko shi da sauran zafinshi ya ɗan dangwala a kofaton na 'yan daƙiƙu, hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen gashi ya cika gidan har uwargida ta aiko a tambaya me ake babbakawa, dokin kuwa ko a jikinshi yana ta tauna harawa. Da ya ɗage sai ka ga shaidar ƙuna, inda ya yi baƙi takalmin ya taɓa, inda ya rage fari akwai rata, ya ƙara gogewa ya sake gwadawa, sannan ya tsoma ƙarfen a bokiti. Kofato kamar farcenka ne, inda ya mutu ko ka yanke ba ka ji, ka zarce kaɗan ka taɓa nama sai ihu.

Wajen ƙusa ne nake riƙe numfashi har yau. Akwai wani siririn layi mai haske tsakanin bango da tafin kofato, ta nan ƙusa ke shiga, kuma ƙusar doki daban take da ta kafinta, bakinta a fiƙe yake ta gefe ɗaya yadda in aka buga ta daidai da kanta za ta karkata ta ɓullo waje ta jikin bangon, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinshi daga ƙasa. Ka juya ta baibai, ciki za ta nufa, wajen nama. Baba da kunne yake aiki, bugu biyu a hankali yana saurare, in sautin ya yi mishi sai ya ƙarasa da ƙarfi, da tsinin ya leƙo ya murɗe shi nan take don kar doki ya fizge ƙafa ya yage mishi cinya. Takalmin na da huda takwas amma shida ya sa, na ce Baba ka manta biyu, ya ce "ban manta ba Alhaji, dunduniya buɗewa take in ya taka, in na ɗaure ta da ƙusa na sa shi a mari." A ƙarshe ya lanƙwasa kawunan ya kwantar da su ya shafe da magagari, ka shafa hannu ba abin da zai karce ka, kuma duk a jere suke layi ɗaya.

Takalma iri biyu yake zuwa da su, na waje masu lamba lamba gwargwadon girma da kuma na gida da ake bugawa da hannu. Ni na gwada duka. Na gida in hannu mai kyau ya buga ba laifi kuma ya fi sauƙin kuɗi, ko a Panteka za ka samu masu buga maka in ka kai awo, amma hudojin ne wani lokaci ba sa zama daidai da kan ƙusa, sai takalmin ya fara girgiɗi da wuri. Ƙusa kam ya ce ba ya sassauci, ta waje ce ko a fasa aikin. Na tambaye shi takalmi mai ƙusoshin riƙe ƙasa saboda santsin kwalta, ya ce ko a polo doka ba ta yarda da su a ƙafafun gaba ba don suna yanka wasu dawakin, kuma shawararshi ita ce in daina sukuwa a kwalta kawai, takalmin ƙarfe a kan kwalta santsi yake ƙarawa ba ragewa ba. Wannan samarin hawan angwanci su ji da kyau.

Bayan takalmi, abin da na ƙaru da shi wajen mutumin nan shi ne sanin yanayin garinmu. Damina a Kaduna doguwa ce, daga wajen Mayu har Oktoba ana tafka ruwa, turke ya zama caɓi, kashi da fitsari su haɗu, sai ramukan gefen tsokar tsakiyar nan su fara ruɓa, ka ƙwaƙule ka ga wani baƙin abu mai ɗoyi da ba ka manta warinshi. Akawal ɗina ya taɓa yi. Baba ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya wanke ya ɗiga aidin, sannan ya juya kan yaron dokina ya wanke shi tas, ya ce maganin ba a kwalba yake ba, a shebur yake, a kwashe kashi safe da yamma a zuba busasshen yashi ko dusar katako, kuma a ɗaga ƙafa huɗun nan kullum a ƙwaƙule. Da hunturu kuma akasin haka ne, iska ta busar da kofato ya yi tauri ya fara darewa. Mutanenmu baƙin man inji suke shafawa don ya yi ƙyalli, shi kuwa ya tsani abin nan, ya ce in dole sai an shafa to man kaɗanya kaɗan a sama wajen da gashi ya haɗu da kofato, daga nan ne sabo ke tsirowa. Tsiron ma a hankali yake, milimita 6 zuwa 10 a wata, kafin kofato ya sabunta daga sama har ƙasa sai an yi wata 9 zuwa shekara guda, don haka duk wanda ya ce zai warkar maka da tsagewa a sati biyu cin kuɗinka zai yi. Tsagar sarina haka muka zuba mata ido tana sauka ƙasa wata bayan wata har aka datse ta.

Kuma ya san iyakarshi, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kowa likita ne. Dokin wani maƙwabcina ya kwana lafiya ya tashi ba ya taka ƙafa ɗaya ko kaɗan, kowa ya ce karaya ce. Baba ya taɓa kofaton ya ji zafi, ya bi shi da awartaki yana matsawa wuri wuri har dokin ya zabura, ya ɗan huda wurin da bakin wuƙa sai ga baƙin mugunya, ya ce a riƙa jiƙawa a ruwan ɗumi da gishiri a ɗaure da tsumma mai tsabta. Amma ya ce lallai a kira likitan dabbobi ya yi allurar sarƙe haƙora, don doki na cikin dabbobin da cutar nan ta fi saurin kamawa kuma ta irin wannan huda take shiga. In kuwa ƙusar titi ce ta shige tsakiyar tafin da zurfi, cewa yake a nemi likita ko a ɗauki doki a yi Zariya asibitin koyarwa na dabbobi na ABU inda za a iya ɗaukar hoto. Haka in ya ga doki ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina nauyinshi baya, kofatai sun ɗau zafi jijiya na bugawa da ƙarfi, tambayar farko ita ce wa ya ɗura mishi hatsi. Wannan ciwon gab da Sallah ya fi yawa, mutum na so dokinshi ya yi ɓul ɓul a hawa sai ya ninka dawa da gero lokaci ɗaya, cikin kofaton ya kumbura, wani dokin ba ya komawa daidai har abada.

A Ingila akwai dokar 1975 da ta hana wanda ba shi da rajista sa wa doki takalmi, sai ka yi shekaru kana koyo ƙarƙashin gwani ka ci jarrabawa. Mu nan duk mai guduma da ƙarfin hali ya zama mai sa takalmi, shi ya sa in ka samu irin Baba dole ka haƙura da halinshi. Halin kuwa akwai shi.

Na farko alƙawari. In ya ce maka "gobe da safe in sha Allah" to ka sa a ranka jibi da la'asar, in ka yi sa'a. Waya ƙaramar rakani kashi ce, ko tana kashe ko tana hannun jika, ka kira ɗan ya ce sun taso, awa uku suna tasowa daga Kawo. Lokacin gasar polo ta ƙarshen shekara kuwa ko in ana wasa a filin polo na Fifth Chukker can hanyar Jos, mu masu doki ɗaya biyu sai mu zama 'yan kallo, manyan oga masu dawakin Ajantina sun kwashe shi, haka satin Sallah in ya nufi Zariya saboda hawan Zazzau. Ban ga laifinshi ba wajen neman na kanshi, amma ya faɗa maka gaskiya ba zai samu zuwa ba shi ne ba ya iyawa, kunya ce ko mene ne oho. Kuma abin na da illa ta gaske, takalmi sati 6 ya kamata a cire a gyara kofato a mayar, in ya daɗe 8, ko da ƙarfen bai cinye ba, saboda kofaton na tsirowa yana jan takalmin gaba har ƙarshenshi ya koma yana danne tafin wajen dunduniya. Jinkirin Baba ya taɓa sa sarin ya zarce wannan lokaci har takalmi ɗaya ya fita a hanya, muka dawo gida ina jan shi a ƙasa.

Na biyu ɗan nashi. Yaron na da ƙoƙari amma yana da zafin hannu, doki ya ɗan motsa sai ya kai mishi gwiwar hannu a ciki ko ya murɗe kunne. Na ce mishi a gaban uban, ni a gidana ba a murɗe wa doki kunne, don gobe ni zan sha wahalar sa linzami. Baba ya goyi bayana ya yi mishi faɗa, amma fa sai kana tsaye. Kuma na lura in aiki ya yi musu yawa yaron yake bar wa ƙafafun baya, aikin yaron kuwa bai kai ba tukuna, kawunan ƙusoshinshi hawa da sauka suke. In za ka biya kuɗin Baba ka tsaya ka ga hannun Baba.

Kuɗi kuma ba arha, ya kusa ninka na masu zagayen unguwa sau uku, ga na mai daban in unguwarka da nisa kamar Rigasa. Farashin ba ya zama wuri ɗaya, duk zuwa sai ka ji "ƙusa ta tashi Alhaji, dala ce," kuma ba ya son transfa, tsaba yake so a hannu, sai ka aika yaro wajen mai POS. Abin da ke rage zafin shi ne in takalmin bai cinye ba da kanshi zai ce a mayar da shi, kuɗin aiki da ƙusa kawai za ka biya, ga shi akawal ɗin gyara kawai ake mishi wanda bai taka kara ya karya ba. In na haɗa da abin da na kashe bara a allurai da man shafawa ina neman maganin ɗingishin da ashe daga yankan banza ya samo asali, Baba ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda dokinshi a gona yake ko bayan gari inda ƙasa ce zalla, ba ya buƙatar takalmi, ya kira shi gyara kawai duk bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai hawa a kwalta, ko mai ɗan Sudan ko ɗan Ajantina mai faɗin kofato, shi ne zai ci moriyar kuɗinshi sosai. In don hawan Sallah ne kuwa ka kama shi tun azumi bai raba tsakiya ba, a buga takalmin kamar sati biyu kafin ranar, don in akwai ƙusar da ta matse nama cikin 'yan kwanakin farko take nunawa, a samu lokacin zare ta. Ranar da zai zo ka sa a wanke ƙafafun a bar su su bushe, a share wuri mai siminti a inuwa, a tanadi gawayi da bokitin ruwa, kuma kar a ba doki hatsi da yawa da safen. Kai ma kar ka sa wani uzuri a ranar gaba ɗayanta.